Jamusanci Da Koriyanci A Ma'aunin Bahaushe

Cikin saƙonnin da suka iso mani kwanan nan akwai na wani matashi daga Daudawa ta ƙaramar hukumar Faskari, wanda ya kammala digirinsa na farko a fannin aikin gona, yana kuma neman hanyar ƙaro karatu a ƙasar waje. Tambayarsa gajeriya ce: tsakanin Jamusanci da harshen Koriya, wanne ya fi sauƙin koyo, wanne kuma ya fi amfani? Na ga ya dace in amsa ta a bainar jama'a, domin ƙasashen nan biyu sun daɗe da shigowa rayuwarmu. Motar Golf da ke jigilar fasinja tsakanin Funtuwa da Ƙanƙara ƙirar Jamus ce, firijin LG da wayar Samsung kuwa na Koriya ta Kudu ne, ga kuma finafinan Koriya da suka samu karɓuwa a wayoyin matasanmu.

Tunda mai tambaya ɗan ƙasar auduga ne, garin da tun zamanin Turawan mulkin mallaka aka kafa gonar inganta irin auduga a cikinsa, bari mu fara da wannan kalma. Bajamushe yana kiran auduga Baumwolle. Kalmomi biyu ne ya ɗinke: Baum, wato itace, da Wolle, wato ulu. Auduga a wurinsa ulun itace ce. Ɗan Koriya kuma yana ce mata mokhwa, ma'ana furen itace, amma saiwoyin kalmar daga Sinanci ya aro su, kamar yadda irin audugar kansa daga ƙasar Sin wani jami'in fada mai suna Mun Ik-jeom ya kawo shi Koriya a wajajen shekarar 1363. A kalma guda ke nan mun hango halin kowane harshe. Ɗaya yana gina sabon suna da tubalin gidansa, ɗaya kuma yana aro tubalin maƙwabci ya gina yadda ya dace da bakinsa.

Ta fuskar dangantaka, Jamusanci ɗan ɗaki ɗaya ne da Ingilishi da harshen Holan, shi ya sa wanda ya yi boko zai gane Haus da Hand da Wasser tun ba a fassara masa ba. Koriyanci kuwa har yau masana ba su haɗu a kan wani babban dangin harsuna da za a jingina shi gare shi ba. Masu Jamusanci a matsayin harshen uwa sun kai kimanin miliyan 95, masu Koriyanci kuma kimanin miliyan 80.

Inda Bajamushe ya yi kama da mu

Abin da ya fi wahalar da Bature ɗan Ingila a Jamusanci shi ne jinsi, mu kuwa da shi muka tashi. Kamar yadda muke cewa gidan nan da gonar nan, haka kowane suna a Jamusanci yake da jinsinsa. Abin sha'awa ma, rana a wurinsu mace ce, die Sonne, wata kuma namiji, der Mond, daidai da Hausa da Larabci. Sai dai sun ƙara jinsi na uku wanda ba namiji ba mace, kuma a cikinsa suka saka kalmar yarinya, das Mädchen. Ba su da wata alama mai sauƙi irin wasalin “a” da ke ƙarshen yawancin sunayen mata a Hausa, saboda haka dole ɗalibi ya haddace kowane suna tare da jinsinsa.

Jam'i ma haka. Wanda ya san gida da gidaje, jaki da jakuna, hanya da hanyoyi, littafi da littattafai, ba zai razana ba idan ya ga Tag ta zama Tage, Kind ta zama Kinder, Frau ta zama Frauen, Mutter kuma ta zama Mütter. Tsawon wasali yana sauya ma'ana a wurinsu kamar yadda yake yi a wurinmu. Stadt birni ne, Staat kuma hukuma ko ƙasa, tamkar dai bambancin garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo da shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne sauyin da ke aukuwa ga ƙananan kalmomin da ke gaban suna gwargwadon aikinsa a jimla, abin da ɗaliban Larabci suka sani da li'irabi. Der Bauer kauft den Esel na nufin manomi yana sayen jaki. Idan aka juya aka ce Den Esel kauft der Bauer, har yanzu manomin ne ke saye, domin der da den su ne ke nuna aikau da karɓau. Irin waɗannan matsayi huɗu ne, a ninka su da jinsi uku, a ƙara jam'i. Sannan a jimlar da ta rataya ga wata, aikatau yakan koma can ƙarshe, sai mai sauraro ya yi haƙuri har mai magana ya dire kafin ya san me aka aikata.

Inda ɗan Koriya ya yi kama da mu

Koriyanci bai san jinsi ba sam, jam'i ma sau da yawa ba a damuwa da nuna shi. Aikatau kullum a ƙarshe yake zama. Nongbu-ga dangnagwi-reul sanda, kalma da kalma, manomi jaki saye. Ɗafa-ƙeyar ga ita ke nuna aikau, reul kuma karɓau. Babarbare ba zai yi mamakin wannan tsari ba, domin shi ma harshensa aikatau yake ajiyewa a ƙarshe, amma Bahaushe sai ya juya tunaninsa baki ɗaya.

A furuci akwai tarko. Dal wata ne, tal abin rufe fuska na wasa, ttal kuma ɗiya mace. Bul wuta, pul ciyawa, ppul ƙaho. Kunnen da ya saba rarrabe kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, yana da horon da zai taimake shi a nan, ko da yake sautukan ba iri ɗaya ba ne. Ƙidayarsu kashi biyu ce, ta gida, hana, dul, set, da ta aro daga Sinanci, il, i, sam, har ma sukan faɗi awa da ta gida, minti kuma da ta aro. Mu ma daga ɗaya zuwa goma namu ne, ashirin da talatin da arba'in kuwa Larabawa suka ba mu. Suna da arzikin amsa-kama irin namu na fari fat da baƙi ƙirin, misali banjjak-banjjak ga abu mai walƙiya.

Amma babbar kamar tana wajen ladabi. Bajamushe matakai biyu gare shi, du ga aboki da yaro, Sie ga baƙo da na gaba. Ɗan Koriya kuwa ba zai iya kammala jimla ba sai ya yanke hukunci a kan matsayin wanda yake magana da shi, domin ƙarshen aikatau yana sauyawa tsakanin magana da sa'a, da na gaba, da taron jama'a. Abincin yaro bap ne, na dattijo jinji. Yaro idan ya yi barci jada, dattijo kuma jumusida. Ƙane ba ya kiran wansa da suna, yana ce masa hyeong, ƙanwa kuma ta ce oppa. Shi ya sa tambayar shekaru ba laifi ba ce a wurinsu, da ita ake sanin yadda za a yi magana. Mutumin da ya tashi inda uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, inda dabba ke mutuwa amma mutum yake rasuwa, inda ake cewa ranka ya daɗe da Allah gafarta malam, zai fahimci ruhin wannan tsari tun kafin ya haddace ƙa'idojinsa.

Amsar tambaya

Ma'aikatar harkokin wajen Amurka tana ware wa jami'anta kimanin mako 36 don koyon Jamusanci, mako 44 don Hausa, mako 88 kuma don Koriyanci. Sai dai a lura, wannan ma'auni na wanda Ingilishi ne harshen uwarsa ne, kuma a aji ɗaya ya saka Koriyanci da Larabci, harshen da ɗaliban zaure a Katsina da Zariya suke naƙalta ba tare da an ba su kujera ko allon bango ba. Wuyar harshe tana bin nisansa da abin da mutum ya riga ya sani.

Ga wanda ya yi boko a Nijeriya, Jamusanci ya fi kusa. Baƙaƙensa sanannu ne, dubban kalmominsa suna da 'yan uwa a Ingilishi, wahalarsa kuma a farko take, daga baya hanya ta miƙe. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu in ban da ɗan kuɗin hidima na zango, kuma hukumar DAAD tana ba da tallafi. Koriyanci kuma rubutunsa a 'yan kwanaki ake koyo, amma kalmominsa baƙi ne ƙwarai, fiye da rabinsu daga Sinanci. Tallafin karatu na gwamnatin Koriya yakan haɗa da shekara guda ta koyon harshe, jarrabawarsu ta TOPIK tana da matakai shida, kuma akwai cibiyar al'adun Koriya a Abuja tun 2010. Shawarata ita ce mutum ya fara zaɓar fanni da malamin da yake so ya yi karatu a ƙarƙashinsa, harshe ya biyo baya. Wanda ya koyi harshe ba tare da sanin inda zai kai shi ba, ya sayi linzami ne babu doki.

Abin da ya haɗa su

Duk da wannan nisa da ke tsakaninsu, harsunan nan biyu sun bi ta ƙofa ɗaya, kuma wannan ne ya fi damuna da mu lura da shi. Kowannensu akwai lokacin da masu shi suka raina shi.

A Jamus, harshen ilimi Latin ne, na fada kuma Faransanci. Martin Luther ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, ya kammala littafin baki ɗaya a 1534, wannan ya ba harshen daidaitaccen kari na rubutu. Amma har 1687, lokacin da Christian Thomasius ya sanar da cewa zai gabatar da lacca da Jamusanci a Jami'ar Leipzig, abin ya zama abin surutu a tsakanin malamai. Sarki Frederick na Biyu na Furushiya da Faransanci yake rubutu, kuma a 1780 ya wallafa maƙala, da Faransancin, yana kushe adabin harshen talakawansa. Masana ba su saurare shi ba. 'Yan uwan nan biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, suka fara babban ƙamus a 1838, kundin farko ya fito a 1854, ba a kammala ba sai 1961, bayan sun daɗe da rasuwa. Konrad Duden ya fitar da ƙamusun ƙa'idojin rubutu a 1880. Kafin yaƙin duniya na farko, duk mai son zurfafa a ilimin sinadarai, ko daga wace ƙasa yake, sai ya koyi Jamusanci.

A Koriya, malamai da Sinanci suke rubutu, talaka kuma ba shi da shekarun da zai ɓata wajen haddace dubban alamomi. Sarki Sejong ya ƙirƙiro baƙaƙe 28 a 1443, aka ƙaddamar da su a 1446, yau 24 ake amfani da su, kuma ana kiran rubutun Hangul. An zana siffar baƙaƙen ne bisa yanayin baki da harshe lokacin furuci, ana kuma tara su gaɓa-gaɓa. Manyan malaman fada, ƙarƙashin jagorancin Choe Malli, suka rubuta wa sarki takardar adawa a 1444, suna ganin barin rubutun Sin zubar da daraja ne. Shekaru aru-aru ana yi wa rubutun kallon na mata da marasa ilimi, har wani sarki ya haramta shi a 1504. Sai a 1894 aka amince da shi a takardun hukuma, a 1896 kuma jarida ta farko da aka buga da shi zalla ta fito. Da Japan ta mamaye ƙasar daga 1910 zuwa 1945, sai ta kori harshen daga makarantu. A 1942 aka kama malaman da ke haɗa ƙamusun Koriyanci, biyu daga cikinsu suka rasu a kurkuku. An tsinci daftarin ƙamusun a wani sito na tashar jirgin ƙasa ta Seoul a 1945, aka kammala buga shi kundi shida a 1957. Lokacin samun 'yanci fiye da kashi 70 cikin ɗari na manya a kudancin ƙasar ba su iya karatu ba. A shekarun 1950 suka yi gangamin yaƙi da jahilci, daidai lokacin da mu ma muke yin namu a Jihar Arewa.

Ga misalin amfanin da aka girba. Takin yuriya da manomin Daudawa ke zuba wa masararsa da audugarsa ya samo asali ne daga aikin Fritz Haber da Carl Bosch, wanda masana'antarsa ta farko ta fara aiki a Jamus a 1913. Sinadarin da ke cikin takin, wanda muke haddacewa da sunan naitirojin, Bajamushe yana ce masa Stickstoff, wato sinadarin shaƙewa, domin numfashi ba ya yiwuwa a cikinsa. Haidirojin Wasserstoff ne, sinadarin ruwa. Ɗan Koriya yana cewa jilso da suso, ma'anarsu kuma daidai da ta Jamusancin, domin Japanawa ne suka fassara su daga harsunan Turai na wannan dangi, 'yan Koriya suka karɓa. Yaro a Berlin ko Seoul yana jin sunan abu, sunan yana ba shi rabin bayani. Namu yaron yana fama da abu biyu a lokaci guda, baƙon ilimi da baƙon harshe, idan ya faɗi jarrabawa kuma mu ce ba shi da ƙwaƙwalwa.

Ina Hausa ta tsaya?

Masu jin Hausa, idan aka haɗa da waɗanda suka koye ta, sun haura miliyan 80 a ƙiyasin masana, wato tana sahu ɗaya da waɗannan harsuna ta fuskar yawa. Su kansu Jamusawa sun daɗe da sanin darajarta. Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa Katsina da Kano a 1851. James Frederick Schön, haifaffen Jamus, ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876. Adam Mischlich ya fitar da nasa ƙamusun a 1906. Muryar Jamus tana watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963. A Koriya ta Kudu ma ana koyar da Hausa a Jami'ar Hankuk ta nazarin harsunan waje.

A gida kuma ba mu rasa tushe ba. Malaman jihadi sun karantar da jama'a da ajami. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Rupert East da Abubakar Imam sun rubuta Ikon Allah don bayyana kimiyyar halittu da Hausa. Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya shirya ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi a 1990, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da ƙamusun Hausa zalla a 2006. Harshen da ya ƙirƙiro jirgin sama da gidan waya da na'ura mai ƙwaƙwalwa yana da dabarar harɗa suna irin ta Bajamushe. A sana'ar auduga kaɗai, dubi angurya, gurza, shiɓa, kaɗi, mazari, abawa da taskira. Kakanninmu sun raɗa wa kowane mataki suna, mu ne muka tsaya a inda suka bar mu.

Abin da muka rasa shi ne tsayuwa a kan magana ɗaya. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka karantar da Yarabanci tsawon firamare ba su gaza takwarorinsu ba, har a darasin Ingilishi. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince a riƙa koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare. Ba a buga isassun littattafai ba, ba a horar da malamai ba, sai ga shi a Nuwamban 2025 an sanar da soke tsarin. An yanke wa shuka hukunci tun ba a ba ta ruwa ba.

Na san hujjar masu adawa, kuma tana da nauyi. Jamus da Koriya kowace harshe guda ne ya mamaye ta, Nijeriya kuwa tana da harsuna wajen 500, Ingilishi ne ke haɗa mu a ofis da kotu. Masanan Jamus na yau da Ingilishi suke wallafa yawancin bincikensu, iyaye a Koriya kuma suna kashe maƙudan kuɗi don 'ya'yansu su iya shi. Haka ne. Harshe kaɗai ma bai gina masana'antar kowa ba, sai da aka haɗa da wutar lantarki da tsari da riƙon amana. Amma a duka ƙasashen biyu, yaro yana koyon lissafi da kimiyya da harshen da yake mafarki da shi, Ingilishi kuma darasi ne da ƙwararren malami ke koyar da shi. A aji ɗaya na firamare a Sabuwa ko Faskari, inda kusan kowane yaro da Hausa ya shigo, hujjar yawan harsuna ba ta da wurin zama.

Wannan yanki ba shi da lokacin ɓatawa. Daren 11 ga Disamban 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, kuma rashin tsaro ya raba yara da dama na ƙauyukan Faskari da Sabuwa da aji na tsawon lokaci. Yaron da ya dawo makaranta yana ɗan shekara goma sha biyu bai iya haɗa baƙi ba, hanya mafi gajarta gare shi ita ce a fara da harshen da ya riga ya mallaka.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin Jihar Katsina, wadda ilimin firamare ke hannunta da na ƙananan hukumomi, ta samar da littattafan lissafi da kimiyya na Hausa ga ƙananan azuzuwa, ta kuma horar da malaman Ingilishi na gaske. Sassan Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Ahmadu Bello da Bayero su zauna da masanan noma na Samaru su daidaita sunayen taki da ƙwari da cututtukan shuka, bayan sun tattaro waɗanda manoma ke amfani da su tun tuni. Hukumomin da ke sa ido kan maganin feshi su wajabta rubuta ƙa'idar amfani da gargaɗi da Hausa a jikin kowace kwalba da za a sayar a kasuwanninmu, domin wannan batu ne na rai. Mu kuma marubuta da 'yan jarida mu daina yi wa ƙ da ɗ da ɓ rowar ƙugiya. Bajamushe ba ya barin ɗigo biyun da ke kan wasalinsa don gaggawa.

Matasanmu su koyi Jamusanci, su koyi Koriyanci, su ƙara da Sinanci idan sun samu hali, neman ilimi ba shi da iyaka. Sai dai su tafi da niyyar da Mun Ik-jeom ya tafi da ita, su dawo da iri su shuka a ƙasar gida, wato su zuba abin da suka koyo cikin harshen da iyayensu ke ji. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da sauran sassan ƙasarmu, Ya ba mu ilimi mai amfani. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka ya kai mu.